Miksar DJ: A Ina Ainihin Bambancin Pioneer, Xone da Rane Yake?

Musu ne da ya daɗe a tsakanin 'yan DJ, kuma babu alamar zai mutu nan kusa: wace miksa ce ta fi daɗin sauti? Wani zai rantse maka cewa Xone ta kamfanin Allen & Heath tana da kauri da taushin da ba a samu a ko'ina, ya ce ita kuwa DJM ta Pioneer kaifinta ya yi yawa, tana gajiyar da kunne. Wani ya ce wannan duk surutu ne, tunda Pioneer ce a girke a akasarin manyan gidajen rawa na duniya, kuma ba a taɓa jin jama'a sun watse saboda ita ba. Na ukunsu, mai karce faifai, wato DJ mai kai da komo da faifai da hannu don ya fitar da wani sauti, bai ma damu da zancen ba. Shi dai a ba shi Rane ko DJM-S11 wadda fedarta, maɓallin da ake turawa, ba ta cijewa, shi ke nan.

Kowannensu yana da ƙamshin gaskiya, sai dai abubuwa daban-daban suke aunawa alhali suna zaton abu ɗaya ne. Idan aka ɗauko manyan miksoshi biyu, aka bar komai nasu a tsakiya ba a murɗa ba, aka daidaita ƙarfinsu, ratar da ke tsakaninsu ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Halin kowace yana fitowa ne idan hannu ya fara murɗa ta, da idan aka ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta, da kuma bayan ta yi shekara biyu tana shan ƙura da zafi. Wuraren nan uku ne ya kamata mai saye ya zuba wa ido.

Ga wanda bai saba ba, miksa ita ce akwatin da ke tsakiya. Waƙa biyu ko fiye suna shigowa ta bayanta, kowace a layinta. DJ ya saurari mai zuwa a hedfon ba tare da jama'a sun ji ba, ya daidaita ta, sannan ya shigo da ita a kan mai fita. Kowane layi yana da mamurɗin ƙarfin shigowa a can sama, wanda Pioneer ke rubuta wa Trim. Ƙarƙashinsa akwai ikwalaiza mai rage ko ƙara bes da tsakiya da tiribul, sai feda, ɗan maɓallin nan da ake turawa sama da ƙasa. A gindinsu duka akwai kurosfeda mai tafiya hagu da dama. Kwantirolar da yawancin matasa ke farawa da ita, irin su DDJ-FLX4, tana da waɗannan duka a fuskarta, amma umarni kawai take aika wa kwamfuta, a cikin manhaja ake haɗa sautin. Miksa kuwa a cikinta ake haɗawa, da kwamfuta ko babu.

Tushen musun yana cikin tarihi, domin miksoshin yau daga gida uku suka fito. Na farko a New York yake, farkon shekarun 1970, lokacin da Rudy Bozak ya fitar da CMA-10-2DL. Ba ta da feda ko ɗaya, manyan mamurɗai ne zagayayyu, an gina ta don DJ ya narkar da waƙa a cikin waƙa sannu a hankali. UREI 1620 ta gaje ta a farkon shekarun 1980, kuma irinsu ne suka yi aiki a gidajen rawa kamar Paradise Garage. Gida na biyu na unguwar Bronx ne a New York, inda 'yan DJ na hip-hop irin su Grandmaster Flash ke son yanke waƙa cikin ƙiftawar ido. Su suka mai da kurosfeda kayan kiɗa, kuma don magadansu ne Vestax ta Japan ta yi PMC-05 Pro a shekarun 1990, Rane ta Amurka ta yi jerin TTM. Gida na uku Pioneer ce ta aza shi a tsakiyar shekarun 1990 da DJM-500, wadda ta zo da eko da sauran kwalliyar sauti a cikinta, har da na'urar ƙirga saurin kiɗa. Allen & Heath, kamfanin Ingila da aka kafa a 1969 wanda ya yi suna wajen manyan teburan haɗa sauti, ya shigo fagen a ƙarshen shekarun 1990 ta hannun injiniya Andy Rigby-Jones. Ya ɗauko tattalin sauti irin na gidan farko ya sa masa feda, kuma Xone:92 da ta fito a 2003 har yau tana nan a gidajen kiɗan tekno na Turai.

To mu zo kan sautin. Kunnen ɗan Adam yana da saurin ruɗuwa da ƙarfi. Tun 1933 Fletcher da Munson, masu bincike a Bell Labs ta Amurka, suka nuna cewa idan sauti yana ƙasa-ƙasa kunne ba ya kama bes sosai, tiribul ma yana dushewa, da zarar an ƙara kuwa sai su fito. Don haka idan miksa ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta da desibel ɗaya kacal, a ma'aunin ƙarfin sauti, ba za ka ce ta fi ƙara ba. Cewa za ka yi ta fi cika, ta fi kauri, ta fi fito da kowane kayan kiɗa. Gashi kuma miksoshi ba sa fitar da ƙarfi iri ɗaya ko da fitilunsu sun tsaya a wuri ɗaya, domin kowane kamfani da inda ya ajiye sifilinsa. Duk gwajin da aka yi ba tare da an auna abin da ke fita an daidaita shi ba, mamurɗin ƙara aka gwada. Hukunci da yawa da ake yankewa a shago ko a bidiyon YouTube daga irin wannan gwajin suke fitowa.

Sai zancen analog da dijital, inda aka fi tada jijiyar wuya. Xone:92 da Xone:96 analog ne, sautin yana ratsa su a matsayin wutar lantarki mai hawa da sauka tun daga shiga har fita. Manyan DJM kuwa tun zamanin DJM-800 ta 2006 dijital ne: su mai da sautin lambobi, su yi lissafinsu, su sake mai da shi wuta a bakin fita. DJM-900NXS2 ta 2016 tana ɗaukar samfurin sauti sau 96,000 a daƙiƙa ɗaya, alhali na faifan CD sau 44,100 ne, kuma shi kansa CD ya riga ya ɗauke duk abin da kunne ke iya ji, wato girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali suna ba na'urar sarari ne wajen lissafi, ba sa ƙara wa waƙa abin da babu a cikinta. A tuna kuma cewa waƙar da ke fitowa daga filashi ko kwamfuta dijital ce tun asali. In ka haɗa CDJ, na'urar kunna waƙa ta Pioneer, da Xone, a cikin CDJ ɗin ake mai da ita wuta kafin ta shiga miksa. In ka haɗa shi da DJM ta wayar dijital, a bakin fitar miksa ake yi. Ko ta ina aka bi sai an yi wannan juyin.

Duk da haka taushin da mutane ke ji ba mafarki ba ne. Wasu da'irorin analog, musamman masu taransifoma ko masu taransista irin na Bozak, idan aka tura su kusa da iyaka sukan ɗan lanƙwasa sautin, su ƙara masa wasu 'yan amo da babu su a asali. A ma'aunin injiniya gurɓata ce, a kunne kuwa armashi ne. Kamfanonin da kansu sun tabbatar da haka da kayan da suke ƙerawa. Xone:96 ta 2018 ta zo da mamurɗi mai suna Crunch wanda aikinsa ke nan, ya gurɓata sautin da gangan gwargwadon yadda kake so. Miksar Model 1 da DJ Richie Hawtin da Rigby-Jones suka fitar a 2016 ta sa irin wannan a kowane layi. A 2024 kuma AlphaTheta, sunan da kamfanin Pioneer DJ ya koma tun 2020, ta fitar da Euphonia, miksar dijital mai zagayayyun mamurɗai, ta dasa mata taransifoma ta kamfanin Rupert Neve Designs don ta ba da wannan armashin. Ke nan taushi zaɓin ɗanɗano ne. Mai son sa ya biya kuɗinsa da saninsa, amma kada ya ɗauka wadda ba ta da shi ta gaza.

Inda inganci ke fitowa fili, wanda ko ma'auni zai nuna, shi ne wajen faifan garmaho. Allurar da ke bin faifai 'yan milibolt kaɗan take fitarwa, CDJ kuwa kusan bolt 2. Dole miksa ta ninka wannan siririn sauti sau ɗari ko fiye, ta kuma gyara shi, domin tun 1954 ƙa'idar RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, ita ce a rage bes a ƙara tiribul lokacin yanka faifai, a mayar da su daidai lokacin saurare. Abin da aka ninka sau ɗari, dattinsa ma ya ninku sau ɗari. A nan miksa mai araha ke tona kanta da huci da gurnani, a nan kuma Xone da Rane da Ecler ta Sifaniya suka yi suna. Wanda bai taɓa ɗora allura a kan faifai ba, kuma ba shi da niyya, wannan fifikon bai shafe shi ba ko kaɗan.

Abin da ya shafi kowa shi ne jar fitila. Ka tsaya a bayan DJ a wurin dina idan dare ya fara nisa. Da farko fitilun layi suna wasa a kore, suna ɗan taɓa ruwan lemo idan ganga ta buga. Ango da amarya sun fito fili, ana liƙi, MC yana ɗaga hannu yana cewa a ƙara. DJ ya murɗa Trim. Bayan minti goma kunnensa ya saba, sai ya ƙara bes a layukan biyu. Yanzu jar fitila ta daina ƙiftawa, ta zauna daram, ta layi da ta babbar mafita duka. Gangar da ke bugawa dum-dum ta koma fat-fat, muryar mawaƙi ta fara karce kunne, waɗanda ke kusa da sifika suna ta ja da baya ba su san dalili ba. Abin da ya faru shi ne an nemi na'urar ta fitar da wutar da ta fi wadda take da ita, sai ta riƙa aske kan kowace igiyar sauti. Askakken sauti yana tura wuta mai yawa ga ƙananan sifikokin sama masu fitar da tiribul, shi ya sa su ne ke fara ƙonewa.

A wannan halin miksoshi sun bambanta da gaske. Mai kyau tana da rata mai faɗi tsakanin inda fitila ke fara ja da inda sauti ke fashewa. Pioneer ta san halin masu aiki da ita, shi ya sa ta bar ratar, ta ƙara fitilar Clip a kan NXS2, da abin tare sauti a mafita, da kuma saitin rage ƙarfin mafita wanda mai gidan rawa zai iya yi a cikin na'urar. Mai araha kuwa ja na kamawa ta fashe. Amma babu wadda aka ƙera don a zauna a ja, kuma abin yana ci mini rai, domin maganinsa kyauta ne: a bar layi a kore da ɗan ruwan lemo, in ana son ƙara a nemo ta wajen amfilifaya da sifika. Haka nan idan waƙar MP3 ce mai lamba 128, wato mai ƙarancin inganci, da aka tatso daga bidiyo, DJM-A9 da ta fito a kan kusan dala 2,700 ba abin da za ta yi illa ta fito da lalacewar waƙar tsaf.

Idan aka cire ruɗin ƙarfi da ɓarnar ja, abin da ya rage shi ne ikwalaiza da filta, kuma a nan ne musun yake da ma'ana a wurina. DJM-900 tana da mamurɗai uku a kowane layi. In ka murɗe bes har ƙarshe yana raguwa da desibel 26, wato kusan kashi ɗaya cikin ashirin na ƙarfinsa ne ya saura, yana nan dai ƙasa-ƙasa. In ka juya maɓalli zuwa Isolator sai ya ɓace ɗungurungum. Tsari ne na sauri: janye bes ɗin mai fita, saki na mai shigowa, a bugu ɗaya an yi musanya. Xone:92 kuwa huɗu gare ta, domin ta raba tsakiya gida biyu, kuma wannan ƙarin mamurɗi ɗaya yana canza yadda mutum ke aiki gaba ɗaya. A tsakiya ta ƙasa ne jikin ganga da kaurin murya suke, nan ne kuma waƙa biyu ke cunkushewa idan an ɗora su tare. A tsakiya ta sama ne kaifin murya da tafi suke. Mai Xone zai iya rage cunkoson bai taɓa fitowar muryar ba, ya bar waƙa biyu, har ma uku, suna tafiya tare na tsawon mintoci. Fedarta ma ta fi tsawo, milimita 60 maimakon 45 na Pioneer, don a shigo da waƙa kaɗan-kaɗan. Ita kanta Pioneer ta bi wannan hanyar a 2020 da ta fitar da DJM-V10 mai layi shida da mamurɗan ikwalaiza huɗu.

Filta ita ce mai tace sauti, ta zubar da ƙasa ta bar sama, ko ta zubar da sama ta bar ƙasa. A DJM kowane layi yana da mamurɗi ɗaya: hagu ya dusar da tiribul, dama ya janye bes, tsakiya ya saki komai. Ko wanda ya fara jiya zai gane. A Xone filta biyu ce ga dukan miksar. Kai za ka zaɓi layin da za ka tura wa kowace, ka danna irin tacewar da kake so cikin uku, sannan ka murɗa. Ga kuma wani mamurɗin da ke ƙara mata kuka a daidai inda take yankewa, an rubuta Mild a gefensa ɗaya, Wild a ɗayan. Ta fi wuyar koyo, tana son hannu biyu da shiri tun kafin lokaci ya zo. Amma santsin da take da shi idan ana jan ta a hankali shi ne mafi yawan abin da masoyanta ke kira sautin Xone, kuma a kunnena har yau babu filtar miksa da ta kamo ta.

Sai dai wane kiɗa kake sakawa? Mai tekno, wanda waƙoƙinsa dogaye ne kuma galibi babu murya, shi ke cin moriyar duk wannan. Wanda ke saka afrobit da hip-hop da waƙoƙin nanaye, masu murya tun daga farko har ƙarshe, da wuya ya bar biyu tare fiye da 'yan daƙiƙoƙi, domin murya biyu a lokaci guda hayaniya ce. Shi hanyar fita mai tsabta yake nema, eko da zai cafke ƙarshen baiti ya riƙa maimaita shi a kan bugun kiɗa yayin da sabuwar ke shigowa. Wannan kuwa fagen Pioneer ne. Xone:92 da Xone:96 ba su da eko a cikinsu, sai dai ka sayi akwatin kwalliyar sauti daban ka haɗa ta kafofin aikawa da dawowa.

Daga nan za a gane yadda Pioneer ta mamaye kasuwa ba tare da ta doke kowa a sauti ba. Tun fitowar CDJ-1000 a 2001, sannan CDJ-2000 da manhajar rekordbox a 2009, na'urorinta na kunna waƙa suka zama su ne a kan manyan dandamali, miksar kuma ta biyo bayansu. Wayar LAN ce ke haɗa su, CDJ ya gaya wa miksa saurin waƙar, eko ya faɗa a kan bugu ba tare da DJ ya yi lissafi ba. Sannan kamfanin ya riƙe fuskar miksar kusan yadda take, daga DJM-800 zuwa 900NXS ta 2011, zuwa NXS2, zuwa A9 ta 2023: kwalliya a dama, makirufo a hagu, layi huɗu a tsakiya. DJ da ya sauka a garin da bai taɓa zuwa ba zai iya aiki da ita cikin duhu, kuma ga mai ba da hayar kaya wannan ya fi kowane taushin sauti daraja. Denon DJ ta fitar da X1800 a 2017 da X1850 a 2020, miksoshi masu kyau a farashin da bai kai na Pioneer ba, amma ba su iya ture ta ba, domin da sabo suke kokawa.

Cikin dogon jerin abubuwan da ake lissafawa a talla, kaɗan ne ke canza aiki. Kafar USB biyu, kamar yadda NXS2 da Xone:96 ke da su, tana ba DJ biyu damar miƙa wa juna aiki da kwamfutocinsu kiɗa bai tsaya ba. Manhaja ma a bincika tun kafin a biya, domin akwai miksar da ke buɗe Serato kai tsaye, akwai wadda sai an ƙara kuɗi, akwai wadda rekordbox ko Traktor aka yi ta dominsu. Mafitar XLR mai ƙafa uku wajibi ce ga wanda wayarsa za ta yi nisa kafin ta kai amfilifaya, saboda tsarinta yana soke gurnanin da waya ke kwasowa a hanya, abin da jar waya da fara ta RCA ba ta iyawa. Sai makirufo, wanda masu sharhin Turai kan wuce shi da layi ɗaya alhali a wurin bikinmu rabin aikin ne. Sanarwa, kirari, kiran dangin ango da ƙawayen amarya, duk ta nan suke bi. Miksar da ke da kafar makirufo biyu da ikwalaizarsu, da tsarin da ke sassauta kiɗa da kansa idan an fara magana, kamar yadda DJM-900 ke da shi, ta fi wa mai wannan aikin amfani fiye da filta mafi santsi a duniya.

Saura ƙira, wadda ita ce ke yanke hukunci daga ƙarshe. Manyan miksoshin duka jikin ƙarfe gare su, NXS2 kusan kilo 8, A9 sama da kilo 10. Amma jiki ba ya cika mutuwa, abin da ke motsi shi ke mutuwa. Ka buɗe tsohuwar feda mai araha ka duba cikinta. Wata 'yar siririyar hanya ce baƙa ta sinadarin gawayi, da wasu ƙananan yatsun ƙarfe suna kwance a kanta, duk turawa sai sun goge ta. Ƙura ta shiga ta tsagar sama, ta gamu da man da ke kan sandar da fedar ke sulɓi, ta zama wani baƙin danƙo. Daga nan sai ka fara jin ƙarar-ƙarar idan ka tura, ko ka sauke layi har ƙasa amma waƙar tana tsiyayowa. Xone:92 ta rage wannan matsalar ta hanyar hana sautin bi ta cikin fedar, ita umarni kawai take ba wata da'ira, kuma miksoshin dijital ma haka suke. A 2001 Rane ta wuce nan da TTM 56, wadda fedojinta na maganaɗisu ne: babu yatsun da ke gogar hanya, na'ura ce ke jin inda maganaɗisun ya tsaya. Pioneer ta zo da nata mai suna Magvel, Xone:96 kuma Innofader aka sa mata, ita ma marar gogayya. Mai karce faifai yana kaɗa kurosfeda sau dubbai a dare ɗaya, yana kuma son sauti ya buɗe cikin milimita ɗaya ko ƙasa da haka, shi ya sa miksoshin layi biyu irin su DJM-S9 ta 2015 da Rane Seventy-Two suke ba shi damar saita wannan da kansa. Abin lura shi ne a yawancin miksoshin layi huɗu kurosfeda ce kaɗai marar gogayya, fedojin layi irin na da ne, alhali su ne DJ na biki ya fi wahalarwa.

Kayan nan kuma ba don yanayinmu aka ƙera su ba. Littafin da ke zuwa da miksoshin Pioneer ya ce a yi aiki da su tsakanin digiri 5 zuwa 35. A Kano da Sakkwato da Maraɗi da Yamai zafi yana haura 40 a watan Afrilu, hunturu kuma yana zuwa da ƙurar da ke shiga kowace tsaga. Murfi, da akwati mai kyau, da inuwa idan a fili ake aiki, duk suna cikin kuɗin miksa, a lissafa da su tun farko. Wuta ma haka. Manyan sababbi suna karɓar daga bolt 110 har 240, amma tsofaffin DJM-500 da DJM-600 da aka yi wa kasuwar Amurka 120 suka sani, na Japan 100, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce. Sokawa ɗaya ta isa. In kuma a kan ƙaramin janareta ake aiki tare da amfilifaya, kowane bugun bes yana jan wutar ƙasa. Miksar analog tana dawowa nan take idan wuta ta ƙifta, ta dijital sai ta ɗauki wasu daƙiƙoƙi tana tashi, fili kuma ya yi tsit. Ƙaramar UPS, batirin da ke riƙe wuta idan ta ɗauke, ga miksa da kwamfuta tana maganin wannan.

Gyara kuwa kamar na mota ne, wadda kowane bakanike ya san cikinta kuma kayanta ke ko'ina ta fi wadda ta fi ta kyau amma sai an yi odar kowane kusa. A wannan fannin yawan Pioneer a duniya ya taimaka mata, fedojinta da mamurɗanta ba sa wuyar samu. Vestax kuwa ta rufe a 2014, don haka mai sayen tsohuwarta ya san kayan gyaranta sai an tona. Allen & Heath tana da wata al'ada mai kyau a irin su Xone:92: kowane layi da nasa fanel ɗin da'ira a tsaye a cikinta, mamurɗan kuma an ɗaure su da noti a jikin ƙarfen sama, don haka nauyin hannu a kan ƙarfe yake sauka. A miksa mai araha fanel ɗaya ne shimfiɗe, mamurɗan a kansa suke tsaye da dalma kawai, duk dannawa dalmar ce ke sha har ta tsage.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, kasuwa cike take da miksoshi masu layi huɗu ko biyar da kwalliya barjat a farashin da bai kai na ƙaramar miksar manyan kamfanoni ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: kuɗin ya tafi wajen yawan maɓallai, an tsuke a wajen feda da ɓangaren wuta. Ni zan fi son layi biyu masu ƙwari. Xone:23 tana ba ka filtar gidansu da mafita ta daban don sifikar da ke kusa da DJ, amma ba ta da katin sauti, wato abin da ke karɓar waƙa daga kwamfuta. DJM-250MK2 ta 2017 tana da katin sauti na rekordbox da kurosfedar Magvel, amma ba ta da waccan mafitar. Dukansu suna da XLR.

Wanda zai sayi ta hannu, a Sabon Gari ne ko a Alaba, ya fara karanta rubutun wuta da ke bayanta kafin a soka. Ya je da hedfon ɗinsa da waƙar da ya sani sarai. Ya gwada kowane layi shi kaɗai, ya murɗa kowane mamurɗi daga farko zuwa ƙarshe yana sauraren ƙarar-ƙarar, ya sauke kowace feda ya ji ko waƙa na tsiyayowa, ya tabbatar hagu da dama ƙarfinsu ɗaya. Ya kashe waƙar ya ɗaga ƙara ya ji yawan hucin da ke fita, ya ɗan girgiza wayoyin baya ya ga ko sauti na ɗaukewa. Sannan a bar ta a kunne tana aiki na rabin awa ko fiye kafin a biya, domin tsagewar dalma da ciwon ɓangaren wuta sai na'ura ta ɗauki zafi suke bayyana.